Rawar Fadar Kambodiya: Ilimin da Aka Ajiye a Gaɓoɓin Jiki

Kafin a koya wa yarinya taku ko ɗaya na rawar fadar Kambodiya, da yatsunta ake farawa. Tana 'yar shekara bakwai ko takwas za a zaunar da ita a ƙasa, ta kama yatsun hannu guda da ɗaya hannun, ta yi ta tanƙwara su baya har su doshi tsintsiyar hannu. Daga nan ta sa hannu tsakanin gwiwoyi ta danna gwiwar hannun, har wata rana hannun ya wuce miƙewa ya ɗan karye baya. Sai yatsun ƙafa, su ma a ɗage su sama. Sai gadon baya, a gantsare shi. Kullum da safe haka, shekara da shekaru. Dalilin farawa da wuri ba ɓoyayye ba ne: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wadda ta shigo tana budurwa za ta iya haddace taku, amma hannunta ba zai taɓa yin lanƙwasar nan mai kama da ganye ba, kuma masu idon abin daga nesa suke ganewa.

Mutanen Khmer, wato al'ummar da ta fi yawa a Kambodiya, suna kiran wannan rawa Robam Preah Reach Trop, ma'ana rawar da ke cikin dukiyar sarki. Sunan ya faɗi gaskiyar matsayinta. Ba rawar dandali ba ce da kowa zai faɗa fili in kiɗa ya yi daɗi. Ƙarni bayan ƙarni a cikin fada aka riƙe ta, matan fada ke yin ta, kuma a imanin mutanen ƙasar masu rawar 'yan aike ne tsakanin sarki da alloli da ruhohin kakanni. Wanda bai riƙe wannan ba zai ga 'yan mata cikin ado suna motsi a hankali, ya ce abin ba shi da kuzari.

Kuzarin kuwa yana nan, ɓoye shi ake yi. Mai rawa ba ta miƙe gwiwa sosai, a ɗan durƙushe take, ƙugu ya sauka, baya a gantsare, kafaɗu a kwance. In ta ɗaga ƙafa, yatsun ƙafar na kallon sama. In za ta nuna tashi sama, sai ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta naɗe ɗayar baya, tafin ƙafa na kallon rufi, ta zauna a haka ba rawar jiki, wani lokaci har ta juya a hankali a kan ƙafar guda. Duk wanda ya gwada tsayuwar nan na minti ɗaya zai ji cinyarsa ta ɗauki wuta. Fuska kuma ba ta nuna komai na wahalar, murmushi ne kaɗan, leɓe a rufe. Kurakuran masu koyo sanannu ne: kafaɗa ta ɗaga saboda gajiya, gwiwar hannu ta faɗi, yatsun ƙafa su saki, ko yarinya ta lanƙwasa yatsu ta mance da wuyan hannu, sai hannun ya fito a karye maimakon ya zagayo kamar baka. Malama ba ta cika dogon bayani ba. Bayan ɗalibar take tsayawa, ta kama haɓa ta karkata, ta danna kafaɗa, ta tura ƙugu da gwiwarta, har jikin ya riƙe siffar da kansa.

Kowane motsi sunansa kbach. Adadin da aka fi ambata shi ne kusan 4,500, amma kada a ɗauka kalmomi ne 4,500 masu fassara ɗaya-ɗaya. Tushen hannun kaɗan ne, kuma daga rayuwar tsiro aka ɗauko su. Manuni a tsaye, sauran yatsu a naɗe, tsiro ne ya huda ƙasa. Tafi a buɗe, yatsu a haɗe sun lanƙwasa baya, ganye ne. Babban yatsa ya haɗu da manuni, sauran ukun sun baje, fure ne. In babban yatsa da na tsakiya suka yi zobe, ɗan itace ya nuna, in suka rabu ya faɗi, iri ya koma ƙasa, zagaye ya sake. Ma'ana tana canzawa da inda aka kai hannun. Hannun furen nan in aka kawo shi kusa da baki murmushi ne ko dariya. Hannu biyu a gicciye kan ƙirji so ne. Hannu a goshi, kai a sunkuye, kuka ne. Akwai kuma motsi da yawa da ba su nufin komai sai kyau, su ne mahaɗin da ke kai mai rawa daga wannan siffa zuwa waccan. Ɗalibai suna haddace tushen duka a cikin wani dogon jeri da ake kira chha banchos, sashe na farko a hankali, na biyu da sauri, ana bin sa daga farko har ƙarshe tare da kiɗa. Ƙwararru ma ba su daina bin sa.

Ba yarinya ke zaɓar abin da za ta zama ba. Malamai ke duban ƙirarta su raba. Matsayi huɗu ne manya. Neang ita ce mace, gimbiya ko allahiya, ana ba mai ƙaramin jiki da zagayayyar fuska. Neay rong shi ne namiji, yarima ko allah, amma mace ce ke taka shi, mai ɗan tsawo da doguwar fuska, tana buɗe ƙafa da hannu fiye da neang. Yeak shi ne ƙaton dodo, shi ma a al'adar fada mace ce, mai ƙarfi da faɗin kafaɗa. Na huɗu sva, biri, mai tsalle da alkafura da soshe-soshe. Shi kaɗai ne aka miƙa wa maza tun wajen shekarun 1940. Wadda aka sa a layin dodo tana iya shekara arba'in a kai, ta san shi ciki da bai, amma ba lallai ta iya koyar da rawar gimbiya ba. A riƙe wannan, domin shi ne ya sa abin da ya faru a 1975 ya yi muni haka.

Masu rawa ba su magana, ba su waƙa. Mawaƙa ne a gefe ke rera labarin, mai rawa tana fassara baiti da jiki. Ƙungiyar makaɗan sunanta pin peat. A ciki akwai roneat ek, jerin sanduna 21 na gora ko katako da aka rataya bisa akwati mai siffar kwalekwale ana bugawa da 'yan sanduna biyu, da ɗan'uwansa roneat thung mai kaurin murya, da kong vong, ƙananan kuge na tagulla da aka jera a da'ira makaɗi na zaune a tsakiya, da sralai, abin busa mai kaifin murya irin na algaita, da manyan ganguna biyu skor thom da ake bugawa lokacin yaƙi, da chhing, 'yan faranti biyu na tagulla masu riƙe lokaci. Amma ganga mai fuska biyu da ake kira sampho ita ce uwar tafiya. Da hannu ake kaɗa ta, mai rawa kuma da ita take aza ƙafa. Kowane aiki yana da kiɗansa, na tafiya daban, na tashi sama daban, na kuka daban, na faɗa daban, har mai kallo da ya saba yakan san abin da zai faru tun kafin kowa ya motsa. In mai sampho bai san rawar ba, ko idonsa ya bar ƙafar mai rawa, komai ya watse, don ba shi da takardar da zai duba.

Filin rawar kusan fayau yake. Wani gajeren gado ake ajiyewa, shi ne karagar mulki, shi ne dutse, shi ne ɗakin kwana. In mai rawa ta zaga fili, ta yi tafiya mai nisa ke nan.

Kayan sawa kuwa aikin yini ne. Ba a zura su kamar riga, a jikin mai rawa ake ɗinke su da zare da allura, kuma yakan ci awa biyu zuwa uku. Dalili shi ne siliki mai nauyin zaren zinariya in bai kama jiki tsam ba zai zame, ya ɓata layin baya da kafaɗa da aka sha wuya aka gina. In an matse fiye da kima numfashi ya gagara, in an sassauta ya yi jaka. Da zarar an ɗinke, ba zancen shiga bayi sai an gama, shi ya sa masu rawa ke taƙaita ci da sha tun kafin a fara. Neang tana ɗaura zane mai naɗi a gaba, da mayafi mai ado da ake kira sbai da ke ratsa kafaɗar hagu. Neay rong yana da wasu fukafukai masu lanƙwasa sama a kafaɗa. Sai mundaye da warwaro a hannu da ƙafa, sai kambi mai tsini da ake kira mokot. Har fure yana da ƙa'ida: mace tana saka fure a kunnen dama, tufkar furanni na reto a hagun kambi, namiji kuma akasin haka. Dodo da biri ana kifa musu wani ƙoƙon fuska da ke rufe kai gaba ɗaya, wanda ake yi da takarda a liƙe bisa juna a shafe da ƙaron itace a yi masa fenti. Ramukan idon ƙanana ne, ga zafi, don haka mai taka dodo da ƙirgen taku da kunne take sanin inda abokin faɗanta yake.

Ƙoƙon nan ba a ɗauke shi kayan wasa ba. Ranar Alhamis ce ranar malamai, kuma a ranar ɗalibai ke zuwa da turare da kyandir da furanni su gaida malamansu kafin a fara. Akwai babban biki, sampeah kru, inda ake jera ƙoƙunan fuska da kambuna bisa dakali, a kawo 'ya'yan itace da kan alade da hasumiyoyin ganyen ayaba, a kira ruhohin malaman da suka shuɗe. A nan babbar malama ke ɗora wa ɗaliba ƙoƙo ko kambi a ka, alamar an ba ta izinin taka wannan matsayi. Kalmar kru tana nufin malamin da ke raye, tana kuma nufin ruhun da ke bayan rawar. A wurinsu layi ɗaya ne.

Rawar da ta fi nuna amfanin abin ga ƙasa ita ce ta Moni Mekhala da Ream Eyso. Moni Mekhala allahiyar teku da Ream Eyso dodo sun yi karatu wurin tsohon malami guda mai zaman kaɗaici. Da za a sallame su, ya ce kowa ya ciko kofi da raɓa. Dodo ya bi ganye yana tara ɗigo-ɗigo. Ita kuwa ta shimfiɗa ƙyalle a kan ciyawa ya kwana, da asuba ta matse, kofi ya cika. Ta samu ƙwallon lu'ulu'u, shi ya samu gatari. Hassada ta kama shi, ya tare ta a sararin sama. Ya wurga gatari, tsawa ke nan. Ta cilla ƙwallo sama, haskensa ya kashe masa ido, walƙiya ke nan. Daga karon nasu ruwa ke sauka. Ana taka wannan a bikin buong suong, roƙon da sarki ke yi na ruwa da zaman lafiya, musamman a ƙarshen rani kafin damina ta faɗi wajen watan Mayu. A ƙasar da shinkafa ce abinci, kuma shinkafa sai da ruwa, wannan aikin gwamnati ne, ba nishaɗi ba. Sauran manyan labaran da yawa daga Reamker suke, wato yadda Khmer suka sake ƙera labarin Ramayana na Indiya: Preah Ream da matarsa Neang Seda, da dodo Krong Reap mai fuska goma, da farin biri Hanuman wanda ya yi zawarcin Sovann Maccha, sarauniyar kifaye.

Yanzu ga inda ake yawan tafka kuskure. Masu tallar yawon buɗe ido suna cewa rawar nan ita ce dai wadda aka sassaƙa a bangon Angkor Wat, babban haikalin dutse na ƙasar, ba ta canza ba shekara dubu. Rabin maganar gaskiya ne. Angkor Wat, wanda Sarki Suryavarman na Biyu ya gina a farkon ƙarni na 12, yana da siffofin matan sama kusan 1,800 a bangonsa. Rubutun dutse na haikalin Ta Prohm, na shekarar 1186 zamanin Sarki Jayavarman na Bakwai, ya lissafa masu rawa 615 a hidimar wannan haikali kaɗai. Rawar ibada tsohuwa ce a ƙasar, ba musu. Sai dai dutse yana nuna tsayuwa ne, ba ya nuna yadda aka taho aka tsaya. Bayan mayaƙan daular Ayutthaya ta Siyam sun ci Angkor, tsohon babban birnin Khmer, a 1431, fadojin Khmer da na Siyam, wato Tailan ta yau, sun yi ta musayar masu rawa da makaɗa da salo, wani lokaci da yardar juna, wani lokaci ganimar yaƙi. Sarki Ang Duong, wanda ya rasu a 1860, ya daɗe a Bangkok kafin ya hau mulki, kuma a zamaninsa aka sake tsara rawar da kayanta. Shi ya sa mokot mai tsini da fukafukan kafaɗa suka fi kama da na fadar Bangkok fiye da matan bangon Angkor. Gardamar wa ya ara wurin wa har yau tana tashi tsakanin 'yan ƙasashen biyu, ta kuma yi zafi a 2018 lokacin da UNESCO ta karɓi rawar ƙoƙon fuska ta maza daga kowane ɓangare, khon na Tailan da lkhon khol na Wat Svay Andet a Kambodiya. A ganina gardama ce marar ƙarshe, don arowar ta bi hanya biyu.

Rawar Apsara ma, wato ta matan sama, wadda hotonta ke ko'ina, ba ta kai shekara ɗari ba. Sarauniya Sisowath Kossamak, mahaifiyar Norodom Sihanouk wanda ya mulki ƙasar, ita ta tsara ta a tsakiyar ƙarni na 20, ta kwaikwayi kambi da zanen bangon Angkor, jikarta Gimbiya Norodom Buppha Devi kuma ta yi suna da ita. Kossamak ta rage wasannin da a da kan kai dare ana yi, ta daidaita su da dandamalin zamani da haƙurin baƙi. Tun 1906 rawar ta fara fita waje, lokacin da Sarki Sisowath ya je Faransa da masu rawarsa, har mai sassaƙa Auguste Rodin ya bi su Marseille ya yi zanensu kusan 150. Amma bayan samun 'yanci daga Faransa a 1953 ne ta zama fuskar ƙasa, Sihanouk na tafiya da ita ƙasashe, ana taka ta gaban shugabanni irin su Charles de Gaulle na Faransa da ya ziyarci Kambodiya a 1966.

Wannan kusanci da sarauta shi ya zama laifinta. 'Yan tawayen gurguzu na Khmer Rouge sun shiga Phnom Penh, babban birnin ƙasar, ranar 17 ga Afrilu 1975, suka kwashe mutanen birni zuwa gonaki. Kafin a kore su a Janairun 1979, mutum tsakanin miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu sun mutu da kisa da yunwa da cuta. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kashi 90 cikin 100 na ƙwararrun masu rawa da makaɗa sun tafi a ciki. Waɗanda suka tsira sun ɓoye ko su wane ne, abin da ke da wuya ga mace mai yatsu a lanƙwashe da tafiyar 'yar fada. To tuna yadda aka raba ilimin. Ba littafin da ya tattara shi. Kowace mace da matsayinta, mawaƙiya da baitocinta, mai sampho da bugunsa. In wadda ta san ɓangaren dodo a wani wasa ta mutu, wasan ya gurgunce ko da gimbiyarsa na raye.

Abin da ya biyo baya aikin tsintar tsaba ne. Chheng Phon, wanda ya riƙe ma'aikatar al'adu a shekarun 1980, ya tattaro waɗanda suka rage. Chea Samy, tsohuwar 'yar rawar fada, ta dawo ta jagoranci koyarwa har rasuwarta a 1994, kuma wani abin mamaki, mijinta yayan Pol Pot ne, shugaban Khmer Rouge. Em Theay da Soth Sam On suna cikin tsofaffin da suka riƙe layin. Sukan zauna tare, wannan ta rera baiti, waccan jikinta ya tuno motsin, makaɗi ya gyara bugun, a yi musu, a sake. An buɗe makarantar fasaha a farkon shekarun 1980, ɗaliban farko da yawa marayu ne. A sansanonin gudun hijira na iyakar Tailan, irin su Khao-I-Dang da Site 2, wasu ma suna koyar da yara, daga can kuma rawar ta bi 'yan hijira zuwa Faransa da biranen Amurka kamar Long Beach da Lowell. Wasu raye-rayen an dawo da su cif, wasu da faci, wasu sai suna. UNESCO ta ayyana rawar cikin gadon ɗan Adam a 2003, lokacin Buppha Devi na ministar al'adu, ta kuma sa ta a babban jerinta a 2008.

Matsalar yau ta kuɗi ce da lokaci. Babban gidan wasan ƙasa da ke Phnom Penh ya ƙone a 1994, aka rushe kangonsa a 2008. A 2005 aka ɗauke makarantar rawa daga cikin gari zuwa bayan gari, zuwa ya yi wa yara da malamai tsada. Ana ɗaukar bidiyo, kuma yana da amfani, amma bidiyo siffa yake nunawa, ba ya gaya wa yarinya inda za ta aza nauyinta, ba ya danna mata kafaɗa. Akwai masu ƙirƙirar sabo da tsohon harshe, kamar Sophiline Cheam Shapiro, ɗaya daga ɗaliban farko bayan 1979, wadda ta mayar da labarin Othello na Shakespeare wasan rawar Khmer mai suna Samritechak, kuma irin wannan ya fi mini alamar rai fiye da maimaici kawai. Sarkin yanzu, Norodom Sihamoni, da ya hau a 2004, shi kansa ya yi karatun rawar Turawa a Prague.

Amma inda aikin yau da gobe yake shi ne gidajen cin abinci na Siem Reap, kusa da Angkor, inda baƙi ke cika faranti ana rawa a gabansu. Wasan bai cika wuce awa ɗaya ba. Za a yi Apsara, a yi Chuon Por ta watsa furanni don sa albarka, a yi Hanuman da sarauniyar kifaye, a cike da rawar ƙoƙon kwakwa da ta masunta, waɗanda ma ba na fada ba ne. A wurare da dama kaya masu maɓalli sun maye gurbin ɗinki, yatsun wasu 'yan matan kuma sun nuna ba su yi shekarun tanƙwara ba. Ba laifinsu ba ne, abinci suke nema. Sai dai kasuwar nan gimbiya take saye da biri. Yarinyar da malamai suka duba kafaɗarta suka ce dodo ce, ta yi shekara tara ko goma tana koyon riƙe gatarin Ream Eyso, ba ta da fili a wannan jadawali, haka ma mawaƙiyar da ta haddace baitocin wasa mai awa uku.